Wasannin gem da masoyansu suka yi wa rashin adalci

Wani matashi daga Tudun Wadan Zariya ya aiko da tambaya cewa ya sayi PS3 ta hannu, ya tarar da wasanni a cikinta, amma duk abokin da ya duba sai ya ba shi shawarar ya goge PES 2014 da GTA IV da God of War: Ascension, wai ba su kama ƙafar 'yan'uwansu ba. Yana so ya san ko wannan hukunci yana kan gaskiya, kuma ko akwai wasu wasannin da masoya suka yi watsi da su alhali suna da abin yabo.

Ƙanena, kada ka goge ko ɗaya daga cikin ukun nan tukuna. Na daɗe ina gyaran na'urorin gem da kula da shagon wasa a Samaru, tun lokacin da PS2 ce ke tashe a kowane lungu, kuma abin da na lura da shi shi ne masoya sukan yanke wa sabon wasa hukunci ne da ma'aunin wanda ya gabace shi. Wasan da ya zo bayan wanda ya yi fice yana cikin halin yaron da aka sa a makarantar da yayansa ya bar suna, wanda tun kafin ya buɗe baki malamai sun fara auna shi da wani. Saboda haka idan aka ce maka wasa ba shi da kyau, tambayoyi biyu nake so ka riƙe. Shin wasan ne ya lalace, ko kuwa ya sauya abin da mai maganar ya saba da shi ne? Sannan wasannin da suka biyo bayansa, waɗanda kowa ya yaba, sun ɗebi wani abu daga gare shi? Idan zuciyar wasan lafiya take, kuma na bayansa sun ci gajiyarsa, to an zalunce shi.

Bari in fara da ƙwallo, tunda ita ce ke riƙe da shagunan gem daga Kwangila har Ƙofar Doka. PES 2013 ya shiga ran mutanenmu kamar yadda PES 6 ya shiga a 2006, domin ɗan wasa yana juyawa da zarar ka taɓa hannun gem, kuma wanda ya iya yanka zai iya ɗaukar Cristiano Ronaldo ya ratsa 'yan baya shi kaɗai. Da Konami ya tashi fitar da PES 2014 a watan Satumban 2013, sai ya ajiye tsohon injin da ya daɗe yana gina wasan a kansa, ya koma kan Fox Engine, wanda rukunin Hideo Kojima ya ƙera domin wasannin Metal Gear. Injin wasa shi ne manhajar da ke lissafa yadda jiki ke motsi, da yadda ƙwallo ke tashi da sauka, da yadda haske ke faɗa wa fili, don haka duk wanda ya sauya shi sai ya sake gini tun daga tushe. Abin da ya fito shi ne ƙwallon da ba ta manne da ƙafa, tana da nata nauyin; ɗan wasan da ke cikin gudu ba ya juyawa nan take sai ya rage sauri; mai ƙarfin jiki yana iya sa kafaɗa ya kare ƙwallo, ƙarami kuwa sai ya nemi dabara. Duk wanda ya taɓa taka leda a fili ya san haka abin yake.

Ba zan ɓoye aibinsa ba, domin an fitar da shi bai gama nuna ba. Babu ruwan sama a cikinsa sam, filayen wasa sun ragu, an cire damar da mutum ke da ita ta ƙera filinsa, shafukan zaɓi suna da nauyin buɗewa, masu tsaron gida suna sakin ƙwallon da bai kamata ta wuce ba, kuma 'yan wasa da dama sun zo da fuskokin da ba nasu ba, sai daga baya aka gyara ta intanet. Amma ba waɗannan ne suka kore shi daga shagunanmu ba. A shago wasa-wasa ake biya, wanda aka ci ya tashi ya miƙa wa na layi hannu, ga kuma fargabar ɗaukewar wuta ko ƙarewar man janareta, don haka ba wanda zai ba da kuɗinsa domin ya koyi sabon salo yana shan kashi a gaban 'yan kallo. Mai shago kuwa da ya ga talabijin ɗin da ke ɗauke da 2014 ba kowa a gabanta, sai ya mayar da 2013, a riƙa sabunta masa sunayen 'yan wasa da riguna a kowace kaka. Haka wasan ya fita daga gari ba tare da mutane sun zauna da shi sun fahimce shi ba. Wanda ya buga shi a PS2 ko PSP kuwa bai ma haɗu da sabon injin ba, domin a kan tsohon gini aka yi wa waɗannan na'urori nasu, kuma shi ne na ƙarshe da suka samu.

Hujjata a kansa ita ce abin da ya biyo baya. PES 2015, wanda ya karɓi kyautar rukunin wasannin motsa jiki a bikin Gamescom na Jamus a 2014, a kan wannan injin aka gina shi, haka ma duk waɗanda suka biyo shi har zuwa na 2021 da har yau wasu suka ƙi rabuwa da shi. Nauyin ƙwallo da gogayyar jikin da ake yabo a cikinsu, a 2014 aka aza harsashinsu. Idan abokai sun taru ana son raha, 2013 ya fi shi, ban musa ba. Amma idan kai kaɗai ne a ɗaki, ka buɗe Master League, wato sashen da kake jan ragamar ƙungiya kaka bayan kaka, ka ɗauke yatsanka daga kan R1, maɓallin gudu, ka riƙa haɗa fas uku ko huɗu kafin ka nemi gaba, za ka ga ƙwallon da ta fi kama da wadda ake zuwa gani a gidan kallo.

Labarin GTA IV daban ne, domin a duniya ba a raina shi ba. Da ya fito ranar 29 ga Afrilun 2008, jimillar makin da masu sharhi suka ba shi a Metacritic, shafin intanet mai tattara makin masu sharhi, ta kai 98 cikin 100, matakin da wasanni ƙalilan ne suka taɓa takawa. A wurinmu ne ya rasa masoya, kuma GTA: San Andreas na 2004 ne sanadi. Wanda ya tashi da CJ, jarumin wancan wasan, ya saba da birane uku da daji da hamada, da tuƙa jirgin sama da keke, da zuwa ɗaga ƙarfe, da lambobin sirrin da yara ke rubutawa a bayan littafin makaranta. Sai ga GTA IV da birni ɗaya tak, Liberty City, wanda aka kwaikwayo daga Niyok, babu jirgin saman da za ka tuƙa sai mai saukar ungulu, launin garin ya yi duhu-duhu, mota kuma idan ka shiga kwana da gudu sai ta kwanta gefe ta ƙi juyawa, ga wayar Roman, ɗan'uwan jarumin wasan, da ba ta ƙarewa yana neman a fita yawo. Ƙorafin da na yarda da shi ba ja shi ne, idan ka faɗi a ƙarshen aiki sai ka sake shi tun daga farko har da doguwar tuƙin, domin ba a sa wuraren ajiye ci gaba a tsakiyar ayyuka ba.

Abin da aka samu a madadin faɗin ƙasa shi ne zurfi. Kamfanin Rockstar, mai GTA, ya haɗa injinsa na RAGE da wata fasaha mai suna Euphoria, wadda ke lissafa motsin jiki a daidai lokacin da abin ke faruwa maimakon ta maimaita motsin da aka riga aka zana. Shi ya sa idan ka ture mutum a kan matakala, yadda zai yi tangaɗi ya nemi abin kamawa yau ba shi ne na gobe ba, kuma wanda ya riƙe ƙofar mota aka ja za ka ga ƙafafunsa na jan ƙasa kafin ya saki. Nauyin motar da ake kuka da shi ma daga wannan tunani ya fito, dole ka taka birki kafin kwana, kuma kowace mota da halinta. Da GTA V ya zo a 2013 an sassauta abubuwan nan, kuma yanzu akwai masoya da yawa da ke kewarsu.

Sai dai babbar asarar da muka yi ita ce labarin. A shago ba wanda ke barin hirar da ke tsakanin ayyuka ta ƙare, dannawa ake yi a wuce, wani don lokacinsa na tafiya, wani don Turancin ya yi masa sauri. San Andreas yana jure wannan, domin ko ba ka bi labari ba akwai abin yi, amma GTA IV ba ya jurewa, saboda labarin ne ransa. Jarumin wasan, Niko Bellic, tsohon soja ne daga gabashin Turai wanda yaƙi ya bar masa tabo a zuciya, ya shigo Amurka ta jirgin ruwa saboda wasiƙun ɗan'uwansa Roman da ke cewa yana da katafaren gida da manyan motoci, ya iso ya tarar da ɗaki mai kyankyasai da ƙaramin kamfanin tasi da tulin bashin caca. Duk Bahaushen da ya san ci-rani, ya kuma san yadda wanda ya riga ka tafiya kan ƙawata labari, zai gane wannan mutum. A wasu wurare wasan yana sa ka zaɓi wanda za ka bari da rai, kuma a ƙarshe ko ka bi kuɗi ko ka bi ramuwar gayya sai ka rasa wani naka. A duk jerin GTA shi ne ya fi ɗaukar sakamakon zubar da jini da muhimmanci. Ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, ka bar hirar ta ƙare.

A nan zan ɗan tsaya in ja hankalinka. GTA IV da God of War duka an yi musu alamar 'yan shekara 18 zuwa sama a ma'aunin Turai, kuma akwai jini da abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba a cikinsu, don haka idan akwai ƙanne ƙanana a gidan, kada ka bari su zauna a gabansu.

God of War: Ascension ya fito a watan Maris na 2013, shekara uku bayan God of War III ya rufe labarin ramuwar Kratos, jarumin jerin, a kan gumakan tatsuniyar Girkawa. Bayan an gama da Zeus, wane abokin gaba ne kuma zai girgiza mai wasa? Sai Santa Monica Studio, kamfanin da ke yin wasan, ya koma baya, zuwa wata shida bayan Ares, gunkin yaƙi, ya yaudari Kratos ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, lokacin da ya warware rantsuwar da ya yi wa Ares, wasu 'yan'uwa mata uku masu hukunta waɗanda suka karya rantsuwa suka kama shi suka ɗaure. Masoya suka ce Kratos ya yi sanyi, babban makaminsa ɗaya ne kawai, kuma an ɓata ƙarfi wajen ƙirƙiro fafatawa ta intanet da ba wanda ya nema. Lokacin fitowarsa ma bai taimake shi ba, domin wasan The Last of Us ya zo a watan Yuni, PS4 kuma a Nuwamba, hankalin kowa ya koma can.

Akwai gaskiya a wani ɓangare na ƙorafin. An kulle wasu manyan sare-sare sai ma'aunin fushi ya cika, kuma a wasu wuraren kyamara tana ja da baya har ka rasa inda Kratos yake cikin taro. Akwai kuma wurin da ake kira Trial of Archimedes kusa da ƙarshe, inda ake turo maka rukuni uku na abokan gaba a jere ba wurin ajiye ci gaba, wanda tsananinsa ya sa kamfanin ya fitar da gyaran da ke ƙara wa Kratos lafiya a tsakanin rukunan. Na'urorinmu da yawa ba su taɓa hawa intanet ba, saboda haka waɗanda na gani sun yi fushi sun ajiye hannu a wannan wuri, da tsohon zubin suka yi karo. Amma ka dubi abin da wasan ya kawo: kurkukun da aka gina a jikin wata ƙatuwar halitta mai hannu ɗari tana motsi kana faɗa a kanta, hawan dutsen Delfi a bayan macizan ƙarfe cikin ƙanƙara, da layar da ke ba ka ikon mayar da rusasshen gini sabo ko ka tsayar da shi a rabi domin ka sami hanya, wadda ta haifar da matsalolin wasa ƙwaƙwalwa da suka fi na sauran jerin armashi. A kyawun hoto kuwa yana sahun gaba cikin duk abin da PS3 ta ɗauka. Kratos mai sanyin nan da aka ƙi a 2013, mai baƙin ciki da jin nauyin abin da ya aikata, irinsa ne duniya ta tafa wa a wasan 2018 da ya zo da ɗansa Atreus.

Tunda ka nemi wasu bayan waɗannan ukun, wanda ya fi amsa tambayata ta biyu shi ne Mortal Kombat vs. DC Universe na Nuwamban 2008. Domin a haɗa Scorpion da Sub-Zero da su Batman da Superman, dole aka rage jini har wasan ya sami alamar matasa a Amurka, kisan ƙarshen da aka san jerin da shi ya yi laushi, jaruman DC na kirki kuwa ba sa kisa sam. Ga wanda ya fito daga Armageddon na 2006 mai mayaƙa sama da 60, yawan mayaƙan ma ya yi masa kaɗan. Amma a cikinsa ne Ed Boon, jagoran masu ƙirƙirar Mortal Kombat, da mutanensa suka fara tsara labari babi-babi, kowane babi da mayaƙinsa, hira ta zarce cikin faɗa. Kamfanin Midway, mai jerin, ya durƙushe a 2009, Warner Bros. ya saye jerin, rukunin ya koma NetherRealm, kuma wannan tsarin suka ɗauka suka gina Mortal Kombat na 2011 da Injustice na 2013 a kansa. Yau ana yaba musu da iya ba da labari a wasan faɗa, amma ba a cika tuna inda abin ya faro ba.

Need for Speed: ProStreet na 2007 laifinsa shi ne ya zo a inuwar Most Wanted na 2005, ya kuma cire 'yan sanda da yawo cikin gari, ya mayar da tsere filin da aka killace da rana tsaka. Wanda ke son mota don kanta zai sami wasan da idan ya daki bango motar ta lalace kuma gyaranta daga aljihunsa, ga tseren ƙure gudu a doguwar hanyar hamada inda kuskure ɗaya ke kifar da mota. Batman: Arkham Origins na Oktoban 2013 kuwa tun kafin ya fito aka gama da shi, saboda reshen Warner Bros. na Kanada ne ya yi shi maimakon Rocksteady da ya yi wasannin Arkham na baya, kuma an sauya masu muryar Batman da Joker. Ya zo da tangarɗa, an kuma sake amfani da wani ɓangare na taswirar Arkham City, amma karawarsa da bos, wato manyan abokan gaba, musamman Deathstroke, a ganina ta fi ta mafi yawan wasannin Rocksteady tsari, kuma labarin daren da aka sa dala miliyan 50 a kan Batman makasa takwas suka fito nemansa yana riƙe mutum har ƙarshe.

Kada ka ɗauka duk wasan da masoya suka ƙi an zalunce shi ne. Devil May Cry 2 na 2003 ya cancanci abin da aka faɗa a kansa, domin abokan gaba ba su da kuzari, kuma kana iya tsayawa daga nesa ka gama da bos da yawa da bindiga kawai. Gaskiya ne Bloody Palace, sashen faɗa hawa-hawa da jerin ya riƙe har yau, daga nan ya faro, amma hakan bai wanke shi ba: a PES 2014 gefe-gefen ne ba a gama ba, a nan kuwa faɗan ne, wanda dominsa ake sayen wasan. eFootball 2022 ma, wanda ya gaji PES, a yadda ya fito a ƙarshen Satumban 2021, bai kammala ba, har Konami ya fito ya ba da haƙuri. Wanda ke tsaka-tsaki shi ne DmC, sabon zubin Devil May Cry na 2013, da Ninja Theory na Ingila ya yi, wanda aka fara yi wa bore tun daga ganin gashin jaruminsa Dante ya koma baƙi. Hirarsa tana da kaushi da rashin kunyar da ba na so, amma faɗansa mai kyau ne, kuma zubin 2015 da ya ɗaga shi zuwa hoto 60 a daƙiƙa ya gyara da yawa daga abin da ƙwararru suka yi kuka da shi.

Ranar 11 ga Nuwamban 2014 Ubisoft ya fitar da wasannin Assassin's Creed biyu tare a Amurka, kuma kowanne ya cutu ta hanyarsa. Unity, wanda aka yi wa PS4 da Xbox One da kwamfuta, ya fito da tangarɗar da ta karaɗe duniya, fuskoki suna ɓacewa, jarumi yana nutsewa cikin ƙasa, har kamfanin ya nemi afuwa ya ba da ƙarin labarin Dead Kings kyauta. An gyara mafi yawansu, sai dai ɗaya daga cikin gyare-gyaren ya haura gigabayit 6, nauyin da a lokacin ba kowa ne a nan zai iya saya wa data ba. Wanda ya same shi gyararre zai ga birnin Faris na zamanin juyin juya halin 1789 da cincirindon mutane a titi, da gine-ginen da ake shiga cikinsu, da salon hawa da saukar da har yau masoya ke kewa. Da majami'ar Notre-Dame ta Faris, wadda aka kwaikwaya a cikin wasan, ta yi gobara a Afrilun 2019, kamfanin ya raba wasan kyauta na mako guda a kwamfuta, mutane da yawa suka dawo suka ga abin da ya wuce su.

Ɗayan, wato Rogue, shi ne wanda na'urarka za ta ɗauka, domin PS3 da Xbox 360 aka fara yi wa shi. Hayaniyar Unity ta danne shi, waɗanda suka leƙa kuma suka ce Black Flag na 2013 ne aka sauya wa riga, tunda jirgin ruwa da yaƙin teku duk iri ɗaya ne. Gaskiya ne ya ari abubuwa da yawa, kuma babban labarinsa gajere ne, amma shi ne ya juya jerin ya dube shi ta ɗaya gefen. Shay Cormac ɗan ƙungiyar Assassins ne da aka aika Lizbon ɗauko wani abu, kuma a cikin wasan ɗaukowar ce ta jawo girgizar ƙasar nan ta 1755 da tarihi ya tabbatar ta rusa birnin. Ya dawo ya tarar shugabanninsa ba su da niyyar dainawa, sai ya bar su ya koma wurin abokan gabarsu Templars, daga nan kuma kai ake farauta, makasa suna laɓe cikin ciyawa da kan rufi suna jiranka da dabarun da ka saba yi wa wasu a wasannin baya. Reshen Ubisoft na Bulgeriya ne ya yi shi, ya kai ka arewacin tekun Atlantika mai ƙanƙara a zamanin Yaƙin Shekara Bakwai tsakanin Ingila da Faransa, kuma babinsa na ƙarshe yana faruwa ne a fadar sarkin Faransa a 1776, daidai inda Unity ya fara. Idan za ka sami PS4 nan gaba, ka gama Rogue tukuna kafin ka taɓa Unity, domin ta haka ne za ka san abin da ya sami mahaifin Arno, jarumin Unity, a wannan fada.